Wane littafi zan fara da shi a harkar UI/UX (tsara fuskar manhaja da sauƙin amfani da ita)?

Mai_Kwamfuta: Salam 'yan uwa. Na haɗa wa kawuna 'yar manhaja ta rubuta bashi, yana da shagon kayan masarufi, ni a ganina ta haɗu har kala masu ɗaukar ido na sa mata. Jiya na miƙa masa wayar, ya fi minti biyar yana laluben inda zai danna ya adana sunan mai bashin, daga ƙarshe ya ture wayar gefe ya jawo tsohon littafinsa daga ƙarƙashin kanta. Wallahi abin ya min ciwo. Kodin na iya, tsarin fuskar ne ban iya ba. Don Allah me zan karanta?

Injiniya: Wslm. Fara da Don't Make Me Think na Steve Krug, ƙarami ne ga hotuna, kwana biyu ka gama shi. 2000 ya fara fitowa amma ka nemi bugun 2014 shi ne aka ƙara maganar waya a ciki. Abin da zai fara cusa maka shi ne mutane ba karanta allo suke ba, ido kawai suke wurgawa su danna abin da ya fara kama da abin da suke nema. In ka gama sai The Design of Everyday Things na Don Norman, wannan ya fi nauyi kuma ba ma manhaja ya fi magana a kai ba, ƙofofi ne da murhu da makunnin wuta, ka san irin ƙofar da za ka yi ta turawa ashe ja ake yi, to shi cewa ya yi laifin wanda ya ƙera ta ne ba naka ba.

Yar_Zane: Ni dai gaskiya Norman barci ya sa ni a karon farko 😅 sai daga baya na koma masa. Tunda kai mai kodi ne Refactoring UI zai fi shige maka, tazara, girman rubutu, wane botin ne zai fi fitowa. Sai dai akwai tsada. In aljihu ba nauyi ka shiga shafin Nielsen Norman Group kyauta ne, ka nemi ƙa'idoji 10 na Jakob Nielsen na 1994, har yau da su ake auna aiki.

Amma ƙanina, abin da ka yi jiya ai shi ne gwajin da littattafan ke koyarwa, haushi ne ya hana ka gani. Nielsen ya ce mutum 5 sun isa su tono maka yawancin matsaloli. Ka samu masu shago huɗu a layinku ka ba su wayar, ka kame bakinka kar ka nuna musu komai. Wai shin botin ɗin naka rubutu ne a kai ko hoto?

Mai_Kwamfuta: Hoton floppy disk ne Anti, tsohon faifan nan na adana bayanai a kwamfuta, can sama a kusurwa.

Yar_Zane: Haba! Ina Kawu ya taɓa ganin floppy? Sauko da shi ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa, ka rubuta "Ajiye" ɓaro-ɓaro, kuma kar girmansa ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android) kamar yadda Google suka ce.