Lemon citta mai kumfa: abin da mata suka ce

A zaman da matan unguwarmu suka yi a wani ƙauye kusa da Ringim, an tattauna yadda za a haɗa lemon citta mai gas don zafin bazara. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda ɗanyar citta ta fi busasshiya ƙamshi, musamman irin wadda ake kawowa daga Kachia. A kankare ta, a daka a turmi, a tafasa da kanumfari kaɗan da ɓawon abarba da aka wanke sosai, a tace da rariyar laushi. Sai ya huce a zuba sukari da ruwan lemon tsami. Idan aka matsa shi a cikin zafi yakan yi ɗaci. Wadda ba ta da abarba, jiƙaƙƙiyar tsamiya ko kankana ta wadatar.

Gardamar ta fi zafi a kan kumfar. Wata ta ce a toshe shi a gora ya kwana biyu, zai yi gas da kansa. Wata inna ta ce a'a, tsimuwa ce ke kawo wannan gas ɗin, kuma da zafin Afrilu nan da nan zai fara zama giya, gorar ma tana iya fashewa. Ni ina bayan inna. Shawarar da ta yi rinjaye ita ce a sayo ruwan soda na kwalba, a sanyaya shi cikin randa ko ƙanƙara, a tsiyaya shi a hankali cikin lemon cittar daidai lokacin sha, don mai sanyi ya fi riƙe gas.