Wane ra'i ya dace da binciken makamashin girki a gidajen Kaduna?

Ɗalibar Kawo:
Assalamu alaikum. Ina digiri na uku, kuma bincikena a kan makamashin girki ne a Rigasa, Tudun Wada da Barnawa, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Na ɗora aikin a kan ra'in tsanin makamashi, wanda ke cewa iyali na barin itace zuwa gawayi, kalanzir, gas da lantarki gwargwadon ƙaruwar kuɗin shigarsu, kuma na shirya raba takardar tambayoyi ga gidaje 400. Mai duba aikina ya dawo mini da babi na uku yana cewa ra'in da hanyar tattara bayanan ba su haɗu ba. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka riga ni.

Malamin Samaru:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ina zaton takardarki tana ɗauke da tambayar nan da aka saba, wato wane ne babban makamashin girkin gidanku. Idan haka ne, kin riga kin yanke wa binciken hukunci tun kafin ki shiga unguwa, domin tambayar tana tilasta wa kowane gida ya tsaya a mataki guda, sannan ki dawo ki ce alƙaluma sun tabbatar da tsanin. Alhali a gida ɗaya za ki tarar ana dafa shayin safe da gas, a ɗora wake a kan gawayi saboda yana cin wuta, ranar suna kuwa a kafa murhu a tsakar gida a tuƙa tuwo da itace. A shekarar 2000 masu bincike Masera, Saatkamp da Kammen suka nuna irin wannan a ƙauyukan Meziko, inda iyalan da suka sayi gas ba su daina amfani da itace ba, kuma daga nan ra'in haɗa makamashi, wato gida ɗaya na amfani da makamashi iri-iri a lokaci guda, ya samu karɓuwa. Shawarata ita ce ki ajiye ra'o'in biyu gaba da gaba, ki fayyace abin da kowannensu ke hasashe, ki tsara tambayoyin da za su iya ƙaryata ɗaya daga ciki. Ki tambayi kowane girki da abin da aka dafa shi da shi a cikin makon da ya wuce, sannan a wasu gidaje ƙalilan ki auna gawayi da tukunyar gas a sikeli kullum na 'yan kwanaki, saboda mai saye da ƙullin leda ba ta san nauyinsa ba, kuɗinsa kawai ta sani.

Mai Ƙididdiga:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne adadin 400, wanda nake kyautata zaton daga ƙa'idar Yamane ta 1967, wadda ake lissafa yawan waɗanda za a tambaya da ita, ya fito. Ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa an zaɓo kowane gida ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin gidaje, amma ke za ki zaɓi unguwa ne tukuna, sannan layi, sannan gida, kuma maƙwabta sukan yi kama da juna wajen samu da wurin saye, don haka yawan gidajen da za ki tambaya yana buƙatar ƙari. Akwai kuma batun abin da kike kira gida. A gidan haya a Tudun Wada ƙofa ɗaya ce amma tukwane da yawa, a gidan mata biyu kuwa girki yana zagayawa, kuma mai yiwuwa uwargida da amarya ba da wuta iri ɗaya suke girki ba. Maigida shi ke bayar da kuɗin cefane, amma mai girki ita ta san abin da aka ƙona, saboda haka mata ya kamata su shiga cikin gida su yi tambayoyin. Ki koma sau biyu, da damina lokacin da itace ke jiƙewa, da kuma lokacin hunturu.

Tsohon Jami'in Gandun Daji:
'Yata, gargaɗi ɗaya gare ni. Kada ki tsallaka daga bayanan madafi zuwa cewa girki ne ke cinye dazuzzukan Birnin Gwari ko Kachia, domin bayananki ba su kai can ba. Binciken da Cline-Cole, Mortimore da abokan aikinsu suka wallafa a 1990 a kan itacen girki a Kano ya gano manoman kewayen birnin suna kula da itatuwan gonakinsu duk da yawan jama'a, saɓanin abin da ake zato a lokacin. Mai son yin magana a kan daji sai ya bi dillalan gawayi har inda ake ƙona shi, ya haɗa da hotunan tauraron ɗan adam na Landsat, kuma wannan wani digirin ne daban.

Ɗalibar Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambayar da Malam ya ambata tana cikin takardata, zan sauya ta da jadawalin girkin mako, kuma zan ɗauki masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida. Abin da ya rage mini shi ne gidaje nawa za su wadatar wajen awon sikeli, ganin cewa ni nake ɗaukar nauyin aikin da kaina.