Tseren Formula 1: wai ƙasa ce ke biya ko ita ake biya?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada mun yi gardama har shayi ya huce, wani ya ce wai Kagame na Ruwanda da ya nemi a kai mishi tseren motoci na Formula 1 (F1) a Kigali shi zai biya kuɗi, ni ko na ce ƙarya ne, ai mai abu shi ke biyan hayar fili. Don Allah wanda ya sani ya raba mu.

Mai gareji Zengu:
Wa alaikumus salam. Abokina an ka da kai, ka biya shayin kawai. Ƙasa ce ke biya, kuma duk shekara. Kamfanin Liberty Media na Amurka da ya sayi F1 a 2017 shi ke amsar kuɗin, kuɗin tele nashi, manyan tallace-tallace nashi, kai mai masauki ka gina hanya ka zuba gudron ka kawo jami'an tsaro da likitoci sannan abin da ya rage maka kusan tikiti ne kawai. Kuma kwantaragin akwai tarko a ciki, kuɗin hawa yake kowace shekara. Filin tseren Silverstone na Ingila a da nasu kashi 5 cikin ɗari ne yake ƙaruwa, a 2017 suka ce ba su iyawa za su fita, sai da aka sake zama aka yi sabon ciniki a 2019. Su sun san F1 ba ta son rasa Ingila shi ya sa suka iya taurin kai. Sabon shiga ba shi da wannan bakin.

Hajiya ta Sabon Gari:
To ɗana kuɗin wa ake ba su? Na talakawa ko?

Mai gareji Zengu:
Hajiya yawanci haka ne. Ko a Amurka jihar Texas tana zuba ma tseren Austin wajen dala miliyan 25 a shekara, a sefa kusan miliyar 15 ke nan, hujjarsu wai baƙi za su cika otel su ci abinci haraji ya dawo. Wani wuri lissafin ya fita wani wuri bai fita ba. Koriya ta Kudu ta yi 2010 zuwa 2013 ta aje, Indiya 2011 zuwa 2013, Maleziya ta daure tun 1999 har 2017 gwamnati ta ce ya isa. Na Biyetinam ya fi ban tausayi, sun gina hanya a Hanoi saboda 2020, korona ta zo, har yau ba a yi tseren ba.

Baba Tsohon Direba:
Ku yara kuna ta zancen F1, mu tseren motoci na Paris-Dakar muka sani, lokacin da yake ratsa Agadas da Tenere, masu gyaran mota da masu masauki suna samun na cefane, ƙura kuma ta kowa ce. A 2000 daga Yamai aka kwashe 'yan tseren a jirgi zuwa Libiya saboda barazana. 2008 aka soke gaba ɗaya, 2009 ya koma Ajantina da Cile, can gwamnatoci ke biyan masu shirya shi, da ƙasashen suka yi ta janyewa a 2019 Peru kaɗai ta rage, 2020 Saudiyya ta ɗauka. Sunan Dakar yana nan amma motocin suna inda kuɗi yake.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ni dai miliyar 15 in a Damagaram ce a sa ta a ruwa, mu huta da bin 'yan garuwa lokacin zafi. Gudu kuma 'yan kabu-kabu suna yi mana kyauta a hanyar kasuwar Dole.

Ɗan Birni:
Hhh Hajiya kin gama magana. Baba na gode, mai gareji na gode. Amma Afirka fa tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993 ba mu sake ganin F1 ba, ni har yanzu ina so in gan ta, in dai ba aljihunmu ba. Yau da dare sikari da ganyen shayi a wuyana.