Ƙanena ya samu kiran aikin mishan na Mormon zuwa Abijan, ga kuma gurbin jami'a ya fito

Talatu, Jos:
Ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ce babba a gidanmu, kuma tun rasuwar mahaifinmu nauyin ƙannena yana wuyana. Autanmu, mai shekara 19, ya shiga cocin da aka fi sani da Mormon shekara uku da suka wuce, ni kuwa ina nan a cocin da aka haife mu a cikinta, kuma ba mu taɓa yin faɗa a kan haka ba. Makon jiya takardar kira ta iso masa daga birnin Salt Lake na Amurka, inda hedkwatar cocin take, cewa an tura shi aikin mishan a Abijan ta ƙasar Kodebuwa na wata 24, amma zai fara zama a Akara domin koyon Faransanci. A cikin watan nan ne kuma sunansa ya fito a jami'a, fannin harhaɗa magunguna, bayan ya zauna JAMB sau biyu. Tambayoyina uku ne ga waɗanda suka taɓa yi ko suka tura nasu: shin jami'a tana yarda a jingine gurbi har shekara biyu, nawa ne zai fita daga aljihuna, kuma yaya cin abincinsu yake, domin yaron yana fama da gyambon ciki, in ya wuce lokacin cin abinci sai ya kwana yana murƙususu.

Dogara:
Yaya Talatu, ki gode wa Allah, domin wannan albarka ce ta shigo gidanku. Na yi nawa a Kumasi daga 2014 zuwa 2016. Ƙarfe shida da rabi muke tashi, mu yi addu'a, mu motsa jiki, sannan kowa ya yi nazarin nassi shi kaɗai kafin mu haɗu da abokin aiki mu tsara gidajen da za mu shiga. Sauran yini a kan ƙafa muke yin sa, farar riga da laktaye da baƙin allon suna a ƙirji, kowa yana kiranmu Elda, wato dattijo, ko da gemu bai fito mana ba, sai ƙarfe goma da rabi a kashe fitila. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne dokar abokin aiki, wato ba ka rabuwa da shi ta yadda ba za ka gan shi ko ka ji shi ba, sai in ɗaya ya shiga makewayi, kuma ba kai kake zaɓensa ba. Duk mako shida ake duba canjin wuri, sai ka tashi da sabon mutum da sabuwar unguwa. Ranar Litinin muke wanki da cefane da rubuta wasiƙa gida. Ina da fararen riguna guda takwas, kuma har yau ina da kanta a yatsu saboda goge jar ƙurar da ke maƙale wa wuyan riga. Takalmi biyu na cinye ƙasansu kafin in dawo. Zai dawo miki namiji.

Alhaji Sani, Ajame:
Ni Musulmi ne ɗan Maraɗi, shekarata sama da ashirin ina kasuwanci a Abijan, kuma yaran nan bibbiyu suna wucewa ta gaban shagona kusan kullum. Gaskiya suna da ladabi. Na taɓa miƙa wa wasu shayi ranar da ruwan sama ya tsare su a rumfata, suka ce addininsu ya hana shayi da kofi, na ce musu to duk addinin da ya hana shayi ba zai yi kasuwa a wurin mutanenmu ba, muka yi dariya, na kawo musu ruwan leda. Hajiya Talatu, kada ki ji tsoron yunwa, domin garin da aka raɗa wa abincinsa suna garba, wato aceke da soyayyen kifi, saboda 'yan Nijar ɗin da suka yi suna da sayar da shi, ba zai bar ɗan Hausa da yunwa ba. Sai dai barkonon ba na mai gyambon ciki ba ne.

Istifanus:
'Yar'uwa, ki karanta nawa kafin ki sa hannu a komai. Na tafi Saliyo a watan Satumba na 2013, aka ajiye ni a Bo. A lokacin kiran waya gida sau biyu ne rak a shekara, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata a watan Mayu, sauran duk wasiƙar imel ce ta ranar Litinin. Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, saboda haka kawuna ne yake karanta mata wasiƙuna, shi ne kuma yake rubuto amsa. Ranar Kirsimeti na ji muryarta ta yi ƙasa, na tambaya, ta ce sanyin hunturu ne. Ashe tun watan Nuwamba take kwance, kawuna ya hana a gaya mini, wai kada a ta da hankalin mai aikin Ubangiji. Duk Litinin sai ya rubuto cewa kowa lafiya. A watan Maris aka kira ni aka zaunar da ni aka ce ta rasu, kuma har an yi jana'iza kwana huɗu da suka wuce. Abokin aikina a lokacin yaro ne daga jihar Yuta, mai kirki iyakar kirki, amma abin da ya iya yi shi ne ya buɗe kwalin da mahaifiyarsa ta aiko masa ya miƙo mini alewa. Da watan Mayu ya zo, shi ya kira tasa uwar, ni kuwa dole in zauna inda zan iya ganinsa da jinsa, na sa kai a gwiwa ina sauraron muryarta tana tambayarsa ko yana cin abinci.

A watan Agusta na 2014 cutar Ebola ta sa aka kwashe mu duka daga Saliyo da Laberiya, na ƙarasa sauran watannina a Ghana. Da na dawo a 2015 na je jami'ar da na bar takardar jingine gurbi, sai aka ce babu ita a fayil. Na miƙa ta ne a tsakiyar yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ya ɗauki kusan wata shida, na ba wani akawu hannu da hannu, ban karɓi kwafi mai hatimi ba domin ban san ana yin haka ba. Na sake zaman JAMB ina da shekara 23 tare da yaran da na koyar a makarantar Lahadi. Har yau ba na gaisawa da kawun nan.

Maman Rifkatu, Amurka:
Allah ya jiƙan Mama, ɗana Istifanus. Game da kuɗi, mu a nan dala 400 muka riƙa biya wa 'yata kowane wata, wata 18, domin na mata ke nan, kuma kuɗin ɗaya ne ko Landan aka tura yaro ko ƙauyen Peru. Ki lissafa da canjin yau ki gani ko za ki iya.

Bulus:
Mama, ai tun 2019 aka sanar za a mayar da shi dala 500, ni da idona na karanta.

Dogara:
Ku daina tsorata ta da dala. Wannan ƙayyadadden kuɗin na ƙasashe irin su Amurka da Kanada ne. A wurinmu bishop, wato shugaban cocinmu na unguwa, ne yake zama da iyali ya tambayi abin da za su iya, sauran kuma asusun mishan ya cika. Ni abin da na tara daga aikin bulo na wata bakwai na bayar, sannan kuɗin jirgi da haya da na abinci ba su taɓa zama a kaina ba.

Istifanus:
Ka faɗi na wata-wata, ba ka faɗi na shiri ba. Fasfo, katin rigakafin shawara, gwajin asibiti da na haƙori, akwati, takalma, riguna, duk mahaifiyata ce ta sayar da akuyoyinta uku. Fasfo kaɗai yanzu naira dubu 50 ne.

Bulus:
Dubu 50 ai tsohon farashi ne, tun watan Satumba na 2025 mai shafi 32 ya koma dubu 100. Ni kuwa dubu 140 na biya saboda wani ɗan tsakiya da ya ce zai fito mini da shi cikin mako guda, ya fito bayan wata biyu.

Dattijo Ishaku:
'Yata Talatu, na ga ana ta lissafin riga da takalmi, an bar babbar magana. Ni dattijon ikilisiya ne shekara talatin, kuma ban yarda a tura maraya ya yi shelar koyarwar da ubansa bai san ta ba, da wani littafi a gefen Littafi Mai Tsarki. Ki tambaye su me ya sa sai a 1978 suka yarda baƙar fata ya riƙe muƙamin firist a cocinsu. Yaro ya tafi makaranta, in ya girma ya zaɓa da hankalinsa.

Dogara:
Baba, da girmamawa, ba a tambayi wace coci ce ta gaskiya ba, an tambayi waɗanda suka je. Maganar 1978 gaskiya ce, ba ma ɓoye ta, kuma a ƙarshen wannan shekarar ce aka yi wa mutanen farko baftisma a Najeriya, waɗanda suka yi shekaru suna rubuta wasiƙa suna jira. Amma wanda bai taɓa kwana a ɗakin mishan ba ba shi da gogewar da zai bayar a nan. Shi ma ɗan'uwa Istifanus, ina jin zafin abin da ya same shi, sai dai labarinsa na tsohon tsari ne, domin tun watan Fabrairu na 2019 an yarda a kira gida duk mako ranar hutu, har da bidiyo.

Istifanus:
Na yi wata 24 cif kamar yadda ka yi, ban gudu ba, saboda haka kada ka mayar da uwata tsohon tsari. Kai ka dawo ka tarar da kowa a raye, shi ya sa kake ganin takalmi ne kaɗai ya ƙare.

Alhaji Sani, Ajame:
Ku yi haƙuri da juna. Ni dai na lura masu farar rigar nan su ne kaɗai mutanen da ke shiga motar gbaka su fito ba tabo, in akwai mai sirrin sabulun ya taimaka mini.

Talatu, Jos:
Na gode muku duka, kuma Istifanus, na yi kuka da na karanta naka. Baba Ishaku, na ji, amma ya kai shekarun da ba zan ɗaure shi da igiya ba, abin da nake da iko a kai shi ne kuɗina da bakina. Har yanzu ba wanda ya taɓa maganar gyambon cikin, kuma an gaya mini suna azumi.

Saratu:
Yaya, na yi nawa a Abijan, a Yopugon da Abobo, na dawo a 2023. Azumin na Lahadin farko ne a kowane wata, ana tsallake abinci biyu, kuma mai ciwo ba a tilasta masa. Matsalar ba azumin ba ce, ita ce yinin yau da kullum: kuɗin abinci na wata a hannunku yake, ku kuke dafawa, kuma yara maza sukan cinye rabinsa a makon farko su ƙarasa wata da burodi da taliya. Sannan in kun yi alkawari da mutane uku a jere, abincin rana yakan koma na la'asar, wanda ya gayyace ku gida kuma ba a ƙin abin da ya zuba. Ki tabbata ya rubuta ciwon a takardar likita bai ɓoye ba, domin da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a hana su tafiya. Faransancin Akara kuwa na aji ne. Wata uku na yi ina murmushi kawai kafin kunnena ya kama maganar titi. Ni abin da ba a shirya ni a kansa ba shi ne dawowa. Dangi sun ji an ce ƙasar waje, suka zo tarya, na buɗe akwati ba komai sai littattafai da tsofaffin takalma da zane biyu, wata gwaggona ta ce ashe yawon banza na je.

Bulus:
Wannan ita ce maganar. Ni ranar da na sauka aka fara tambayata tsaraba, mako na biyu kuma a coci aka fara tambayata yaushe ne aure, alhali ko kuɗin acaba ba ni da shi. Shekara biyu an hana ka ko kallon mace, ka dawo a ce cikin wata shida ka kawo ta.

Dogara:
Ai akwai karatun intanet na BYU-Pathway mai sauƙin kuɗi ga wanda ya dawo, ni da shi na fara.

Saratu:
Ba a koyon harhaɗa magunguna ta intanet, Dogara, kuma sakamakon JAMB shekara guda yake aiki. A jami'ar da na yi, sai ka biya kuɗin karɓar gurbi ka yi rajista kafin su saurari maganar jinginewa, kuma zango ɗaya na shekara suka ba ni, na biyun sai da yayana ya yi ta sintiri.

Istifanus:
Ke kin samu mai yi miki sintiri. Ni da na koma karo na huɗu, akawun da ya karɓi takardata ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba, sannan ya tambaye ni ko na kawo masa wani abu daga Saliyo.

Dattijo Ishaku:
Irin wannan ya faru da jikata, ita da ba mishan ta je ba, haihuwa ta yi. Takarda uku muka rubuta, duka suka ɓace a ofis ɗaya. Akwai wanda ya san ko ana iya kai ƙarar irin waɗannan ma'aikata wani wuri, ko kuwa sai dai a bar su da Allah?