Alobera ta cika leda, wace tukunya zan sa ta?

Amaryar Kabuga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na sayi 'yar ƙaramar alobera wajen masu furanni na bakin titi, cikin baƙar ledar nan tasu. Yanzu saiwa ta fara leƙowa ta gindin ledar, ga 'ya'ya biyu sun ɓullo a gefe. Tukwane biyu gare ni. Ɗaya ta tangaran ce mai kyau cikin kayan ɗakina, amma ba ta da huda a ƙasa. Ɗayar ta ƙasa ce, sai dai babba ce, ta kusa tulu. A bakin tagar falo nake son ajiye ta. Wacce zan sa? Kuma in na dasa, in ba ta ruwa nan take ko in jira?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Alobera ai an ce tana gyara gashi, ki riƙa haɗa ruwan ganyen da man kaɗanya, za ki ba ni labari.

Ɗan Gwammaja: Amarya, bokitin fenti ya ishe ki. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin sau biyar, shi ke nan.

Amaryar Kabuga: Malam, a falo fa na ce. Bokitin fenti a falon amarya?

Hajiya Ta Zariya: 'Yata, don Allah ki nisanci wannan tangaran ɗin. Ni ta ci ni. Aloberar da nake da ita ta mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, shekara tara tana cikin wani tsohon kwano da ya ɓule a tsakar gida, ba mai kula ta, tana ta haihuwa. Da muka tashi zuwa sabon gida sai na ga kwanon ya yi muni. Na je na sayo tukunya fara mai sheƙi, na tambayi mai sayarwa ina hudar, ya ce ai in na zuba tsakuwa a ƙasa ta wadatar. Na zuba tsakuwa, na cika da baƙar ƙasa da kashin awaki, na dasa a watan Agusta, tsakiyar damina. Kullum da safe sai na ba ta kofi guda, wai ina tarairayarta. Sati uku ganyen ƙasa suka yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Ranar da na ɗan ja ta, gaba ɗaya ta biyo hannuna, gindin ya yi baƙi, ga wari kamar kwata. Da na kifar da tukunyar ruwa ne kwance a ƙarƙashin tsakuwar. Na koma wajen mutumin, sai cewa ya yi hannuna ne ba ya karɓar shuka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ko ɗa guda ban tsira da shi ba.

Maman Hanifa: Allah sarki Hajiya. Allah ya jiƙan Inna.

Ɗan Gwammaja: Amin. Amma kwanon da ya ɓule ya yi shekara tara, tukunyar gayu ta yi sati uku. Bokitin fentina dai yana nan yana jira.

Malamin Gona: Abin da ya faru da Hajiya ke nan ake gudu. Alobera a ganyenta take tara ruwa, saiwarta ba ta jure zama cikin danshi. Tsakuwa ba ta fitar da ruwa, wuri kawai take ba shi ya kwanta. Amma babbar tukunyar ma ba ta yi ba, ƙanwata, don ƙasa mai yawa ba ta bushewa da wuri kuma ƙaramar saiwa ba za ta iya shanye ruwan ba. Ki nemi ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda, wadda ta fi dunƙulen saiwar da kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Ta ƙasa tana zufa, tana bushewa da sauri fiye da roba. Ki haɗa yashi mai kauri da ƙasa rabi da rabi, ki kakkaɓe yumɓun da ya zo a ledar, kada ki binne ganyen ƙasa. Ruwa kuma ki bari sai bayan kamar mako guda, saiwar da ta ji rauni ta warke.

Uwar Gida Sarauniya: Mako guda ba ruwa? A Kano? Malam, wannan karatun littafi ne. Ni nan take nake shayar da tawa, ba ta taɓa mutuwa ba.

Malamin Gona: Taki a waje take ko a ɗaki, Hajiya?

Uwar Gida Sarauniya: A waje, cikin rana. Shekara goma sha biyu ina da ita, kai ko ta roba ba na jin kana da ita a gidanka.

Hajiya Ta Zariya: Ni dai da na ji irin maganarsa tun farko da ban yi asara ba.

Amaryar Kabuga: To ƙaramar ta ƙasa nawa take yanzu?

Uwar Gida Sarauniya: Dubu huɗu na saya kafin azumi.

Maman Hanifa: Kai! An cuce ki. Dubu ɗaya da ɗari biyar ce wajen masu tukwane, in kika je wajen masu furanni ne suke ninkawa.

Baƙon Damagaram: Nan wajenmu jika guda za ki samu mai kyau, har maginin ya huda miki tun tana ɗanya.

Ɗan Gwammaja: Jika ta sefa fa yake nufi, kada Amarya ta ɗauki naira dubu ta kama hanyar Damagaram.

'Yar Tudun Wada: Ku kuna ta tukunya. Ni matsalata maƙwabta. Tun da aka ce tana gyara fuska ban huta ba. Yau a aiko yaro, wai in ji Mama a ɗan sammata ganye ɗaya. Gobe mai kitso. Wata ma da wuƙarta ta shigo, ta yanke na tsakiya, mai tohowa. Ta bar min kututture.

Uwar Gida Sarauniya: Wallahi haka suke. In ka hana a ce ka yi rowar ciyawa. Na ba wata 'ya'ya uku ta dasa nata, bayan wata guda ta dawo wai sun mutu, in yanko mata.

Hajiya Ta Zariya: Ko ita ma tangaran ta saya.

Amaryar Kabuga: 'Ya'yan nan biyu fa, in raba su yanzu ko in bar su jikin uwar?

'Yar Tudun Wada: Ki raba, ki ɓoye ɗaya a uwar ɗaka. Dangin miji ba su gan ta ba tukuna.