Dan Allah ya ake yi karatun anatomi da fiziyoloji ya zauna a kai?

Ɗiyar Mabera:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nike nema wurin waɗanda sunka riga mu shiga wanga karatu. Ni ɗaliba ce 'yar shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya nan Sakkwato, wata ukku ke nan da munka fara, kuma wallahi kwas ɗin anatomi da fiziyoloji, wato ilimin tsarin jikin mutum da yadda yake aiki, na neman fin ƙarfina. Ba wai ban karatu ba ne, ina yi, bayan isha'i nike zama har sha biyun dare, in babu wuta da fitilar waya, in haddace shafi ɗaya ko biyu na handawut in rufe in karanto shi kamar ruwa, amma bayan kwana ukku in anka tambaye ni sai in ji kaina wayam. Tes na farko maki 9 nis samu cikin 30, ranar ko abinci ban iya ci ba, don Babanmu sai da yas sai da awaki kahin a biya kuɗin makarantar nan kuma ko yaushe tambayarshi ita ce ya karatu.

An ce ƙasussan mutum 206 kuma duk sai mun san sunansu da inda suke, to ta ina mutum ke farawa? Zagayen jini kuma na karanta shi ya fi sau goma, har yau ina rikita hagu da dama. Ƙoda ba a ma magana. A sakandare ina cin bayoloji lafiya lau shi ya sa abin ke ba ni tsoro. Saura sati bakwai jarabawa, ban son in kwaso kari-oba tun zangon farko. Mi kunka yi ku har ya zauna muku?

Anti Nas ta Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, kanki lafiyarshi lau, hanyar da kika ɗauko ce ba ta dace da kwas ɗin ba. Kina haddar jimlolin Turanci ne alhali babu hoton abin a kanki, to jimla ba ta da abin da za ta maƙale ma, dole ta zube.

Bari in nuna miki wani abu da mu Hausawa ke fama da shi ba mu sani ba. Kalma ɗaya gare mu, jijiya, kuma abubuwa huɗu daban muke kira da ita. Wadda ke fita da jini daga zuciya jijiya ce, wadda ke maido shi jijiya ce, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa wadda ba hanyar jini ba ce ita ma jijiya, sannan wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara ita ma jijiya muke cewa. To malam na gaban allo yana atari, ben, nab, tendon, ke kuma can cikin kanki duk kina juya su zuwa jijiya, ya ba za su cakuɗe ba? Ni sai da na zauna na laƙa ma kowace sunanta na Hausa a bayan littafina: mai fita da jini, mai maido jini, wayar saƙo, igiyar tsoka. Daga ranar rabin ruɗanina ya tafi.

Zagayen jini kuma ki bar haddar shi, ki bi shi kamar yadda za ki bi ɗan aike. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu sama biyu ƙasa. Jinin da ya gama aiki a jiki, iskar oksijin ɗinshi ta ragu, yana shigowa ɗakin sama na dama, ya sauka ɗakin ƙasa na dama, daga nan a tura shi huhu ya sauke kabon dayoksaid ya ɗauko oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, shi kuma ya watsa shi duk jiki ta babbar jijiyar nan awota. Dama aikin huhu, hagu aikin jiki, shi ke nan. Yanzu ki tambayi kanki, wane ɗaki ne ya kamata bangonshi ya fi kauri? Huhu maƙwabcin zuciya ne, taki kaɗan, amma na hagu sai ya kai jini har ɗan yatsan ƙafa, don haka bangonshi ya kai kusan ninki ukku na na dama. Kin ga wannan ba sai kin haddace ba, dalilin ne zai riƙe miki shi. Kuma ki kiyaye tarkon da ake yawan sa wa a jarabawa: atari sunanta atari don tana fita daga zuciya ne, ba don jinin cikinta mai oksijin ba ne, shi ya sa wadda ke zuwa huhu atari ce amma jinin da ta ɗauka bai da isasshen oksijin. Hagu da dama kuma na mai jikin ake nufi, ba naki ke mai kallo ba, wanda ke cikin hoton fuskantarki yake, damarshi na hagunki. Ɗalibai da yawa nan suke zubar da maki a banza.

Abin da ke ƙara min son wurin nan shi ne, wanda ya fara bayyana cewa jini ta huhu yake bi kafin ya koma hagun zuciya likita ne Musulmi, Ibn Nafis, da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, sai a 1628 William Harvey na Ingila ya fitar da bayanin zagayen gaba ɗaya. Ba ilimin da ya yi mana nisa ba ne.

Barunje:

Anti ta gama magana wallahi, amma bari in ƙara nawa. Ni gidanmu rundawa ne, wato mahauta, tun ina ƙarami nike bin tsohona runji, inda aka yankan dabbobi, kuma da nis shiga karatun lab sai nig ga abin da 'yan ajinmu ka kuka da shi ni na riga na riƙe shi da hannuna sau ɗari, suna ne kawai ban sani ba. Shawarata ki tashi yaro ya tai runji da sahe ya sawo miki zuciyar rago da huhu, ki ce a bar maƙogwaron a jiki kada a yanke, da ƙoda guda. Ki tara ƙawayenki huɗu ko biyar ku haɗa kuɗin. Zuciyar rago ɗaki huɗu ce kamar ta mutum, ki tsaga ta ki sa yatsa ki bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yadda Anti ta hwaɗi, za ki ji kaurin bangon hagu da hannunki, za ki ga waɗannan zaruruwan fararen da ka riƙe da murahen ƙofofin kada jini ya koma baya. Maƙogwaron ki taɓa shi ki ji zobban guringuntsi, su ka hana shi lotsewa, sannan ku sa hwamhon keke ku hura ku ga yadda huhu ka tashi, kada dai a sa baki, kuma a sa safar hannu a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Ƙodar ki raba ta biyu ta tsawo, za ki ga bayan launinshi daban, cikin daban, da wani hwarin wuri a tsakiya inda hitsari ka taruwa kahin ya gangara mahitsara. Wanda yag ga wanga sau ɗaya ba shi mancewa.

Sai dai ki lura ba komi na rago ne irin namu ba. Tumbinshi kashi huɗu ne don shi mai tuƙa ne, namu guda ɗaya. Haƙarƙarinshi 13 kowane gehe, namu 12. Amma ƙashin wuya 7 ne ga mutum, 7 ga rago, har raƙumi da tsawon wuyanshi duk 7 ne, tsawon kowane ƙashi ne ya bambanta.

Zancen 206 kuma kada lambar ta hirgita ki, mahi yawansu maimaici ne. Dubi hannunki: wuyan hannu ƙasussa 8, tahi 5, yatsu 14, 27 ke nan, hannu biyu 54. Ƙahwa daga idon sawu zuwa yatsu 26, biyu 52. Haɗa ki gani, 106, kin wuce rabi ba ki bar tahin hannu da sawu ba. Ƙara haƙarƙari 24. Ki riƙa taɓa naki kina kiran sunan da ƙarhi, jikinki na tare da ke har cikin ɗakin jarabawa ba mai ƙwace shi.

Ɗan Wurno:

Duk wannan da kyau amma sati bakwai fa ta ce. Ni dai ki nemi fas kweshin na shekara ukku ko huɗu wurin 'yan gaba da ku ki zauna kansu, za ki gane inda malamin ke son tambaya. Ba lokacin zuwa runji yanzu.

Anti Nas ta Arkilla:

Ɗan Wurno ban ƙi ta taka ba, ta nemi tsofaffin tambayoyin, amma ta gwada kanta da su littafi a rufe, ba ta haddace amsa ba. Zuwa runji safiya ɗaya ce. Kuma wannan yarinya gobe ita za a miƙa ma sirinji, in ba ta san inda babbar wayar saƙon nan ta sayatik ta bi ta ɗuwawu zuwa ƙafa ba, ta ya za ta gane dalilin da ya sa ake cewa a yi allura a gefen sama na waje na ɗuwawun? Na ga yaron da allurar da anka yi ba daidai ba ta sa yake jan ƙafa, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Cin jarabawar dole ne amma ba shi kaɗai muke nema ba.

Mai Allo:

Ƙanwata kin yi makarantar allo ko Islamiyya ai, to ki tuna wanda ya haddace sabon shafi bai koma tilawar na baya ba, zubewa yake komi kaifin kanshi. Ke sabo kawai kike ɗauka kowane dare. Abin da kika karanta yau ki maimaita gobe, ki sake bayan kwana ukku, ki sake bayan sati, kuma da farar takarda, ki zana daga kanki sannan ki buɗe ki ga inda kika ɓata. Bayan asuba ya fi sha biyun dare nesa ba kusa ba.

Sunayen kuma daga Girkanci da Latin suke, guntu-guntu ake haɗa su. Kadiyo zuciya, hefa hanta, nefuro ƙoda, ostiyo ƙashi, gastiro tumbi, duk kalmar da ta ƙare da aitis kumburi ne, haipa yawa haipo ƙaranci. In kin riƙe irin waɗannan guda talatin, kalmar da ba ki taɓa gani ba ma za ki iya warware ta.

Ɗiyar Mabera:

Allah shi saka muku da alheri, wallahi har na ji sanyi. Anti zancen jijiyar nan kamar kin shiga kaina. Yaya Barunje mun yi magana da ƙawayena mu biyar, ran Asabar in sha Allahu ƙanena zai tai runji. To ƙodar fa Anti? An ce tana tace lita 180 a yini, ni kuma an ce jinin mutum duka kusan lita 5 ne, ina sauran ya hito?

Anti Nas ta Arkilla:

Amin ƙanwata, kuma wannan tambayar taki ta nuna kin fara tunani irin wanda ake so. Jinin nan guda ne yake ta zagayowa ta ƙoda ana sake tace shi dare da rana, in an tara duk ruwan da anka tace a yini shi ne ya kai wajen lita 180. Kowace ƙoda na da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, su ne nefuron. Kowane ɗaya yana fara tsiyayo ruwan jini da gishiri da suga da datti gaba ɗaya cikin wani siririn bututu, ƙwayoyin jini da manyan furotin ba su wucewa, sannan a kan hanyar bututun jiki ya riƙa karɓe abinshi, suga duka, mafi yawan gishiri, da kusan kashi 99 cikin ɗari na ruwan, abin da ya rage wajen lita ɗaya da rabi shi ne fitsari. Shi ya sa in anka ga suga ko furotin a fitsarin mutum ake tsayawa a bincika.

Ki haɗa shi da azumin da munka yi cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Kina zufa ba ki sha ruwa ba, jini ya fara kauri, wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas ya ji, sai a saki wani sinadari mai suna ADH daga ɓangaren baya na fituwitari, wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashinshi, ya je ya sa ƙarshen bututun ya ƙara maido ruwa cikin jini. Ga dalilin da ya sa fitsarin la'asar ke zama ɗan kaɗan kuma ja-ja. Da kin sha ruwa bayan magariba kaurin ya ragu, a rage sakin ADH, fitsari ya yawaita ya yi haske. Daren nan ki ɗauki farar takarda ki zana min nefuron ɗaya da kibiyoyi, mi ke fita mi ke komawa, ki ɗauki hoto ki turo in duba miki kafin in shiga aikin dare gobe.