Kiɗin da na ɗebo a Kwalkwalawa

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya bayan sallar asuba na tahi Kwalkwalawa, nan kusa da Sakkwato, na aje waya bakin gulbin Rima ta naɗi sauti minti 40. So nike in gina kiɗi bisa abin da na samo, amma kwana biyu ke nan ina gaban kwamfuta, abu ya ƙi haɗuwa. Na buɗe da amsa-amon "wa", mai amsawa shi riƙe shi.

Da asuba na bi hanyar jami'a,
Na sauka gada ta Kwalkwalawa.
Rima na kwance, raɓa ta jiƙe ni,
Kwaɗɗi na ta kiɗinsu cikin ruwa.
Kirinjijiya ta ƙetara da fito,
Can cikin gero makwarwa na amsawa.
Na kwaso su duka cikin wayata,
Na kai gida, kiɗin ya ƙi tsayawa.
Na aza gangar inji bisa kansu,
Sai gulbin duk ya koma hargowa.
Manya, ina ne na ɓata hanya?
Ku nuna min, ni mai koyo ne da tambayawa.

Baba na Kwanni:
Wa alaikumus salam, ɗana. Da goge na tashi, da shi na tsufa. Ka ji nawa.

Ɗana, inji ba ya jiran kowa,
Kwaɗo ko sai ya saurari ɗan'uwa.
Guda shi buɗe, goma su karɓa mai,
Su ɗauke tare in sun ji motsawa.
Shirun nan nasu shi ne uwar kiɗin,
Kai ko ka cike shi da bugawa.
Zo dubi gogen da ke rataye ɗakina,
Rabin duma ne da anka yi wa gyarawa,
Fatar guza ce anka ɗaure bakinai,
Izgar doki ce ke yin rerawa.
Dajin na ciki tun ban taɓa shi ba,
Aikina ɗai shi ne tadawa.

Ka saurari makaɗan fada na ƙasag ga, masu kotso da masu taushi. Uban kiɗi shi ja ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, a bar numfashi tsakani. Tsarin kwaɗɗin da ka jiyo ke nan. Mu da kunne munka koya. Waya kam ban ga abin da za ta ƙara maka ba.

'Yar Wamakko:
Baba, ina gaisuwa. A gafarce ni, batun shiru na yarda, batun waya ban yarda ba.

Baba, ɗiyarka za ta sa baki,
Kar a raina wayar da ya kai ruwa.
Kakata kan ba mu labarin gauraka,
Garke guda a fadama suna rawa,
Tukku a kai kamar zangarniyar gero,
Su buɗe fiffike, su yi sama da dirowa.
Ni kunnena bai taɓa jin ta ba,
Sai hoto, sai tsohuwa da kewa.
Da wani ya naɗe muna ita tun sannan,
Da yau ɗiyana na da abin kunnawa.
Shamuwa ma ga ta tana haramar kudu,
Sai bazara in Allah ya kai mu ga dawowa.
Ƙanena, naɗi duk abin da ka iske,
Ba ka san wanda ke bankwana da kowa.

Ga kuma shawara. Cire gangar injin nan. Ka samu babban kwano ka cika da ruwa, ka kife ƙwarya bisa, ka buga yadda mata ke yi a kiɗan amada. Amonta na da zurfi da laushi, kuma hannu ke bugunta, in kwaɗɗi sun yi shiru kai ma sai ka dakata.

Basarken Goronyo:
Yaya ta faɗi gaskiya. Ni daga sama nike, inda madatsa take.

Ɗan Mabera, Rimar da kaj jiyo,
Daga ƙofarmu ta biyo ta gangarowa.
In an tsuke ƙofa sai ta yi raɗa,
In an buɗe ta zo maka da tsawa.
Tambayi masu tuna ambaliyar 2010,
Da hanyar jami'a ta yanke da wucewa.
Muryar rani daban da ta damina,
Naɗin kwana guda bai isa ganewa.
Ka dawo in shinkafa ta nuna,
Jan baki sun sauko da yawa,
Yara na bugun gwangwani suna ihu,
Su ma kiɗin gulbi ne, kar ka yi cirewa.

Ɗan Mabera:
Yaya, na gwada daren jiya. Na ari kwanon wankin Inna da ƙwaryar furarta, na kashe inji, na sa abin ji a kunne ina bin kwaɗɗi da hannu. Sau uku ina riga su shiga. A na huɗu na jira, munka faɗa tare, har tsigar jikina ta tashi.

Baba, na iske shirun da ka ce,
Yana nan tsakanin kira da amsawa.
Saura murya guda da za ta hau bisa,
Ƙwarya da kwaɗɗi na ƙasa suna riƙewa.

Baba na Kwanni:
Ɗiyata, kin taɓa ni inda ban zata ba. Ni na ji gauraka, ba sau ɗaya ba, muna yara muna bin fadama da safe. Yanzu da kika faɗa na tsaya lissafi, na kasa tuna shekarar da naj ji ta ƙarshe.

Kukanta gaɓa biyu ne, ina riƙe da shi,
Ta fari gajera, ta biyu da jawowa,
Mai kauri kamar ana busa ƙaho,
Tun daga nesa kake jin tahowa.
Na sauko da goge, na murza ƙaro,
Yatsa ya laluba, ya kusa kamawa.
Ɗana, ka zo Kwanni ran Juma'a,
Bayan la'asar, rana na sassautawa.
Taho da wayar da na raina jiya,
In ja maka gauraka, kai kana naɗewa.

'Yar Wamakko:
Baba, in ya naɗa a turo min. Yaran na nan, su za ni fara kunna wa.